Yadda Ake Kashe Mutum a Shafi Biyu

Jiya ɗayanku ya kawo mini labarinsa in duba, ya zauna yana kaɗa ƙafa yana jiran yabo. Shafi huɗu ne, amma kafin in kai ƙarshe ya kashe uba, ya kashe uwa, ya kifar da mota da amarya a ciki, direban da ya tsira kuma ya sa maciji ya sare shi. Da na ɗago kai na tambaye shi ko ya bar wanda zai karɓi gaisuwa, sai ya ce mini ai mutuwa ta fi komai sauƙin rubutawa, da ka ce "sai ya mutu" shi ke nan. Ban yi masa faɗa ba, don ni ma da irin wannan ƙarfin hali na shigo sana'ar. Amma tunda kun taru, shayin ma bai huce ba, bari in gaya muku yadda muka koyi abin a nan Tudun Wada, lokacin da boko bai daɗe da zuwa ba.

A zamanin an buɗe wani ɗan ofishin littattafai, ɗaki biyu da baranda, inda ake shirya abin da yaran makaranta za su karanta. Baturen da ke kula da wurin ya gaji da fassaro labaran ƙasarsu, don yara na haddacewa ba su san abin da suke faɗa ba. Sai ya ce yana son gajerun labarai na mutanenmu, kowanne kada ya wuce shafi biyu. Dalilinsa ba na adabi ba ne. Takarda daga bakin teku take zuwa a jirgin ƙasa, mai jera haruffa kuma da yatsa yake tsinto su ɗaya bayan ɗaya, in ka ƙara masa layi sai ya yini bai amsa gaisuwarka ba. Ni an ɗauke ni ne saboda hannuna na da kyau a boko, ba don na iya labari ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai baƙin allo irin na ɗan makaranta da alli, a nan nake fara rubutu in goge da gefen riga, shi ya sa duk rigunana na lokacin ɓarinsu ɗaya ya fi haske. Sai labari ya nuna tukuna ake ba ni takarda da alƙalami mai bakin ƙarfe, wanda in ka danna shi da fushi sai ya tsage ya fesa maka tawada a tsakiyar shafi. Ku da kuke cika kwando da takardun da kuka yaga, da a hannun akawunmu kuka taso da tuni kun koyi tunani kafin rubutu.

Wanda ya koya mini sana'ar bai iya boko ba ko baƙi ɗaya. Sunansa Malam Barau, dogon tsoho ne mai farin rawani, wanda ya yi ƙuruciyarsa cikin ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayo goro, kafin jirgin ƙasa ya kashe musu kasuwa. A ayarin ba kaya yake ɗauka ba. In an kusa gida, madugu shi yake turawa gaba ya shiga gari ya sanar da gidajen da mutuminsu ba zai dawo ba. Wannan aikin ya yi shekaru yana yi. Bature ya ɗauke shi ya riƙa ba da labari ni ina rubutawa, amma ba a daɗe ba ya ce bakinsa ya gaji, ni in ƙirƙiro, shi zai riƙa gaya mini inda na yi shirme. Wannan ɓangaren aikin kuwa bai taɓa gajiya da shi ba.

Dokarsa ita ce ba labarin da zai hau takarda sai an gwada shi a gindin tsamiyar da ke bakin kasuwa, bayan la'asar. Can 'yan tireda da masu jiran jirgi da waɗanda ba su da abin yi suke zama. Akwai Ɗan'azumi mai goro, wanda Allah ya halitta don gano kuskuren mutane. Akwai kuma Baba Tanko mai tufka, ɗan ƙaramin tsoho marar magana, kullum da ƙunshin rama a gefensa, ya miƙe ƙafa yana murza igiya a cinya. Ranar farko Malam Barau ya ja ni gefe ya ce, "Iro, kada ka dubi fuskokinsu. Mutanen nan suna da ladabi, za su gyaɗa maka kai ko ƙarya kake shararawa. Hannun Tanko za ka duba. In yana tufka, ba ka ce komai ba tukuna. Ranar da ka ga hannun ya tsaya, to ka yi labari."

Labarina na farko na wani manomi ne mai kirki, wanda na shafe shafi da rabi ina yabonsa. Ba ya faɗa, ba ya gulma, ba ya makara salla. A ƙarshe na sassauta murya na karanta cewa wata rana yana dawowa daga gona sai ya faɗi ya mutu. Na yi shiru ina jiran in ji salati.

Ɗan'azumi ya ɓare goro ya ce, "Me ya ci?"

Na ce ba abin da ya ci, ajali ne.

Ya ce, "To Allah ya ji ƙansa. Karanto na gaba."

Aka bushe da dariya. Na saci kallon Baba Tanko, na ga igiyarsa ta ƙaru da kusan kamu guda, ko numfashi hannun bai yi ba.

A hanyar komawa Malam Barau bai yi mini dariya ba, sai da muka zo daidai rijiyar unguwa. Da ya gama, ya share ido da bakin rawani ya gaya mini yadda yake shiga gida da labarin rasuwa. Ya ce in ya yi sallama aka shimfiɗa masa tabarma, ba ya hawa, a ƙasa yake zama gefenta. In an kawo ruwa, kurɓa ɗaya yake yi ya ajiye. Sai ya shiga isar da gaisuwa, madugu na gaishe ku, wane na gaishe ku, wane ma ya ce a gaishe ku, ya bi ayarin kaf, ya tsallake suna ɗaya. Daga nan ya kwance jakar mamacin daga kafaɗa ya ajiye a gaban maigida, ya sunkuyar da kai.

"Duk shekarun nan," in ji shi, "ban taɓa furta kalmar da bakina ba. Su suke faɗa, ni in ce haka Allah ya so. In ni na faɗa, sai su tsaya yi mini tambayoyi, wa ya gani, a ina, ko dai wani ne mai kama da shi. In su suka faɗa, magana ta ƙare. Kai kuma ka tsaya gaban jama'a ka jefa musu gawa kamar buhun gero, kana son su yi kuka."

Daga ranar ya kafa mini dokoki, ba a jere ba, sai dai duk ranar da na yi kuskure doka ta fito. Ya hana ni tari. Na rubuta wani labari da wani tsoho ya yi tari a layi na uku, Ɗan'azumi ya ce wa na kusa da shi, "Je ka ce a fara haƙa." Tun daga nan ba wanda ya ƙara tari a labarina sai in mura ce ta gaskiya kuma zai warke. Ya hana ni waliyyai. Ya ce mutumin da ba shi da aibi ba maƙwabcin kowa ba ne, ba wanda zai ji zafin rashinsa. Ya hana ni kuma doguwar wasiyya a bakin mai shirin cikawa, ya ce shi ya zauna a kan mutane da yawa a zango, mafi yawansu ruwa kawai suke nema.

Aikin da na fara gane abin a kansa shi ne labarin wani mai aron fartanya. Na sa shi mutum ne mai fitina, kullum ya ari ta maƙwabcinsa ba ya mayarwa sai an bi shi. Wata safiya maƙwabcin ya ɗaura aniya yau sai ya ci masa mutunci, ya nufi gonar mai aron yana shirya maganganun da zai gaya masa. Ya tarar da fartanyar a kafe tsakiyar kunya, rabi an nome rabi ba a nome ba, ga takalmi ɗaya a gefe, can kuma wajen gida mata sun fara fitar da tabarmi ƙofar zaure. Sai ya tuɓe riga, ya ja fartanyar ya ƙarasa kunyar. A nan na tsaya. Ranar hannun Baba Tanko bai tsaya ba, amma ya rage sauri, Malam Barau kuma ya ba ni rabin goronsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Bayansa na yi na jakin mai gishiri, wanda ya saba tsayawa ƙofar wata mai fura saboda maigidansa kullum sai ya sha a nan. Ranar da labarin ya faru jakin ya toge a ƙofar, wani baƙon saurayi na jibgarsa da sanda ya ƙi gaba. Mai furar ta leƙo da ludayi a hannu har ta ɗebo, ta dubi jakin, ta dubi wanda ke riƙe da shi, ta mai da furar cikin ƙwarya. Kun ga ba gawa, ba makara, ba kuka. Abin da mutum ya saba yi ne kawai ya zo bai tarar da mai shi ba. In kuka iya wannan, kun iya rabin sana'ar. Ɗaya rabin kuwa shi ne sanin inda za ku yi shiru, wanda na lura yana ba ku wahala har a zaure.

Sai muguwar shekara ta zo. Fara ta sauka ta cinye gero tun yana tsaye, hatsi ya yi tsada, samari suka riƙa bin masu ɗibar lebura zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos. Bayan nan sanƙarau ya shigo. Takarda ta yanke, ofis ya zama sai zaman baranda, gindin tsamiya kuma kullum sai ka ga gurbin wani. Bature ya ce a bar labarin mutuwa haka nan, a rubuta na dabbobi, mutane su yi dariya. Na rubuta, na karanta, ba wanda ya yi dariyar. Mutumin da ya dawo daga maƙabarta da hantsi ba ya jin daɗin wayon dila da la'asar.

Cikin samarin da suka tafi kuza har da Habu, ɗan Baba Tanko, shi kaɗai ne namiji a gidan. Waɗanda suka tafi tare wasu sun dawo, aka tambaye su, suka ce an raba su rami daban-daban, ba su san inda ya faɗa ba. Damina ta wuce, wata ta zo, ba saƙo ba labari. Baba Tanko bai taɓa tayar da zancen ba. Sai dai duk ranar da jirgin Jos zai iso, a bakin tasha yake kai tufkarsa.

Ni ma tashar nake zuwa, don a can nake tsintar labari. Abin da na lura shi ne kowane matafiyi da butarsa, kowace buta kuma da 'yar igiya ɗaure a wuyanta don ratayawa. Daga nan, duk da hanin Bature, na rubuta labarin abokai biyu da suka tafi kuza, ɗaya ya dawo. Bai biya gidansu ba, ya zarce gidan mahaifin abokinsa. Aka shimfiɗa masa tabarma ya zauna a ƙasa. Ya gai da kowa, ya yi zancen sanyin Jos da tsadar hatsi, sannan ya sauke wata buta mai igiya a wuya ya ajiye gaban tsohon. Tsohon ya ɗauka ya girgiza, ya ji da sauran ruwa a ciki. Lokacin salla bai yi ba, amma ya matsa gefe ya yi alwala da ruwan, a hankali, bai bar ɗigo ya zube a banza ba.

Da na kai nan a gindin tsamiya, wani daga baya ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," sauran suka amsa. Ɗan'azumi ya buɗe baki, na san zai tambayi yadda ruwa ya zo daga Jos bai ƙare ba, sai ya rufe. Na dubi hannun Baba Tanko. Ya tsaya cak, igiyar ta warware da kanta a cinyarsa. Ya tattara ramarsa ya tashi bai yi wa kowa sallama ba. Abin da na daɗe ina jira ya samu, amma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Abin da ku ba za ku gane ba shi ne, a wancan lokacin mutanenmu ba su saba ganin ƙirƙira a rubuce ba. Abin da aka rubuta a takarda, ko karatun addini ne ko umurnin hukuma, duka biyu kuwa ba a musu da su. Kashegari kafin azahar gidaje har uku sun aiko ofis. Kowanne na tambayar wane ne ya kawo butar, don nasu ɗan ma da irin wannan butar ya tafi, da igiya a wuya. Wata tsohuwa ta aiko a tambaye ni ko igiyar ja ce. Na yini ina rantsuwa cewa mutumin nan babu shi, ba a haife shi ba balle ya mutu. Wani malami da ya zo wucewa ya ji, ya girgiza kai ya ce bai taɓa ganin sana'a irin tamu ba, a kashe wanda Allah bai halitta ba, a kuma sa Musulmi su yi masa salati.

Baba Tanko bai aiko ba. Ya daina zuwa gindin tsamiya, ya daina zuwa tasha. Sai wata safiya na iso ofis na tarar da shi tsugune a bakin baranda, ba rama a hannunsa. Na gaishe shi, na fara yi masa bayanin da na yi wa sauran, ya ɗaga mini hannu.

"Na sani, Malam Iro. Ni ba yaro ba ne. Butar da ke garin nan, wace ce ba igiyata a wuyanta? Ba wannan ya kawo ni ba." Sannan ya ce, "Waɗanda suka dawo suna cewa a can, in ciwon nan ya kwashi lebura da yawa, wani lokaci ba a samun ƙyalle. Rami ɗaya ake yi. Tun da na ji haka abinci ba ya wuce mini. Yaron nan na cikin labarinka, an yi masa sutura?"

Na ce, "Baba, ai ban rubuta ba."

Ya ce, "Shi ne na zo. Ka tsaya a inda nake son ji."

Da ya tafi na ɗauki allo na rubuta cewa an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, jama'a sun sallace shi, an kai shi makwancinsa. Na karanta wa Malam Barau ina ganin na yi aikin lada. Ya ce in goge.

"Wannan kai ne kake magana, Iro, kai kuwa ba ka je Jos ba. Duk wanda ya gamu da Tanko a hanya haka yake ce masa, in sha Allahu an yi masa sutura. Ya ji har ya gaji. In ka faɗa masa, lallashi ne. Sai ya gani da idonsa, ya riga ka faɗa."

Na ce ta yaya zai gani, alhali labarin bai bar ƙofar gidan tsohon ba? Ya ce wannan kuma ni ake biya albashi a kansa. Mai jera haruffa shi ma ya leƙo ya ƙara mini da cewa ya riga ya jera shafin yana jiran takarda ta iso, gurbin da ya rage bai fi na layi huɗu ba, in na wuce haka in zo in jera da kaina.

Na yi kwanaki ina rubutawa ina gogewa har ɓarin rigata ya koma fari. Na sa abokin ya kawo ƙasar kabari a ƙulle, na ga ba ma yin haka. Na sa ya ambaci sunan limamin da ya yi salla, na ga faɗa ce dai aka sake. Wata safiya ina zaune Malam Barau ya kwance rawaninsa zai sake naɗawa, ya ba ni bakin in riƙe masa, ya yi ta ja da baya har ya fita barandar. Na tsokane shi na ce wannan ai ya ishi mutum uku, ko nauyi ba ya ji? Ya ce shi tun yana ayari bai taɓa naɗa gajere ba, kuma bai taɓa naɗa mai launi ba. Ya ce a dajin da ba kasuwa, in ta Allah ta kasance, da me kake so abokan tafiya su rufe ka? Ya ce in ayari ya dawo, tsofaffin mata ba fuska suke fara dubawa ba, kawuna suke duba, su ga wa ya fita da rawani ya dawo da hula. Ya ci gaba da naɗinsa. Har yau ban sani ba ko da gangan ya kwance shi a gabana. Da na tambaye shi daga baya ya ce ƙaiƙayi kansa ke yi.

Layi biyu na sa a farkon labarin. Na mai da abokin nan ɗan ƙwalisa, wanda ya sayi sabon farin rawani don a riƙa ce masa malam, ko lebura zai tafi sai da ya naɗa shi, mutanen unguwa suna yi masa tsiya. Sauran biyun na ajiye su can ƙarshe.

Malam Barau da kansa ya je ya taho da Baba Tanko gindin tsamiya, da ramarsa. Na fara karatu. Da aka zo wurin rawanin aka yi dariya, Ɗan'azumi ya ce ya san irinsu, akwai ɗaya a gidan surukansa. Baba Tanko na tufka, kansa a ƙasa. Abokin ya dawo, ya zauna a ƙasa, ya ajiye buta, tsohon ya yi alwala. Hannun bai tsaya ba, don duk wannan ya riga ya ji. Sai na karanta abin da na ƙara. Tsohon ya ɗago ya dubi kan yaron, ya ga wata tsohuwar hula ce kawai, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ya isa kuwa?" Yaron ya ce, "Ya isa, Baba, har da saura."

Hannun ya tsaya. Ba wanda ya yi motsi. Can Baba Tanko ya ce, a hankali, kamar mai magana da ramar da ke cinyarsa, "Da rawaninsa ya rufe shi. Alhamdu lillahi." Ya shafa fuska, ya kama bakin igiyar da ta fara warwarewa, ya ci gaba da murzawa.

Ranar Juma'a aka rarraba waina daga gidansa, sadaka. Liman ya tambaye shi ko wani labari ya zo ne, ya ce a'a. Ya ce shi bai ce Habu ya rasu ba, ɗakinsa na nan, in ya dawo ya tarar da shi a share. Amma in ta Allah ta riga ta kasance, yanzu ya san cikin leburorin nan ba a rasa mai irin zuciyar yaron nan ba. Daga ranar ya koma cin abinci. Habu kuwa bai dawo ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba.

Bayan sadakar da 'yan kwanaki ya sake zuwa ofis da wani ƙunshi a hammata. Ya kwance a gabana, sai ga farin rawani, nasa na zuwa Idi, a wanke a ninke. Ya ce, "Yaron nan ya dawo kai ba rawani, ga shi mai son ado. Ka ba shi wannan."

Na ce, "Baba, ai kai ma ka ce ka sani. Babu shi. Ni na ƙirƙire shi a kan allo."

Ya ce, "To tunda kai ka ƙirƙire shi, kai za ka riƙe masa." Ya ajiye a kan teburina ya fita. Na dubi Malam Barau don ya ce wani abu, na ga ya juya baya yana ta gyaran bakin rawaninsa da ba abin da ya same shi.

Saboda haka, kai mai maciji, ɗauki labarinka ka koma. Ka tayar da uwar da uban, ka fitar da amaryar daga motar, ka bar direban nan ya je gida. In dole sai ka kashe wani, ka zaɓi ɗaya, ka bar shi ya ɓata mana rai tukuna, ka ba shi abin da zai bari a ƙofar gida, sannan ka ja bakinka ka yi shiru mu mu faɗa. Kuma kafin ka taɓa shi ka tuna cewa cikin masu karanta ka akwai wanda nasa ya tafi bai dawo ba, zai zo ya tambaye ka abin da ba ka rubuta ba.

Rawanin yana nan cikin adakar da kake zaune a kai, ɗan ɗaga ka gani in kana so. Ban taɓa naɗa shi ba, don ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni. Amma na gaya wa 'ya'yana in ranar ta zo kada su wahalar da kansu zuwa kasuwa neman ƙyalle. Na auna shi a jikina tun tuni. Ya isa, har da saura.